Hoton da Ke Ƙasan Rumbu

Kwamfutar ta ƙanena ce. Ni manomi ne, ban yi boko ba. Shi ya yi, ya gama sakandare a Tsafe, ya buɗe shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa. Wani ofis ne ya fitar da tsofaffin kayansa, ya samo ta a ciki. Farar akwati ce mai nauyi da ta koma ruwan ƙasa, da fuska mai ƙaton ƙeya irin ta talabijin ɗin da. In aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. A cikinta yake zuba duk hoton da ya ɗauka, na katin shaida, na suna, na ango da abokansa, na wanda ya sayi sabon babur yana so a gan shi a kai.

Da rani, in babu aikin gona, nakan zauna masa a shagon. A nan ya koya mini kunna ta da kashe ta, da yadda ake jan abu daga waya a zuba a ciki. Rubutun da ke fuskarta ban iya karantawa ba. Wuri na haddace, da launi. Lamba kuwa na iya, ko manomi ya san lamba.

An kashe ƙanena a hanyar gida, ranar kasuwa, tsakanin Tsafe da ƙauyenmu. Bayan damina biyu aka ƙone ƙauyen. Na fito da Inna goye a bayana, matata da yara suna biye. Hotunan takarda da ke cikin akwatin Inna sun tafi tare da ɗakin. Kwamfutar ta tsira don tana Tsafe, cikin shago a kulle.

Inna ta zauna a Bungudu wajen ƙanwata. Ni na tsaya Gusau. Na ɗauko kwamfutar da ƙaramin janaretansa, na kafa rumfar cajin waya a gefen tasha. Na ɗora ta a kan tebur a bayana, na rufe ta da tsohon zane.

Mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a hoto. Duk cikin abin da ke cikinta, ƙanena sau ɗaya ya fito, kuma ni na ɗauka. Ranar ƙaramar Sallah ce, a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin itacen bedi. Ya miƙo mini kyamarar ya ce in danna nan. Na danna. Da ya duba sai ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Yaya, ni ka ɗauka ko sama?" Fiye da rabin hoton bedi ne da sararin sama da kan katanga. Shi yana can ƙasa, daga hula zuwa ƙirji, yana shirin yin magana. Ya ce zai goge. Bai goge ba.

Wannan hoton Inna take zuwa gani. Duk wata biyu ƙanwata takan kawo ta Gusau a duba mata hawan jini. In sun gama sai su biyo ta rumfata. Ta zauna a benci, in ɗage zanen, in kunna, mu jira gurnanin ya wuce. In buɗe mata. Ta duba kamar tsawon shan fura, sannan ta ce in kashe kada mai ya ƙare. Na ce mata sau biyu bari in wanke mata shi a takarda ta tafi da shi. Ta ƙi. Ta ce ba ta ajiye hoton mutum a ɗakin da take salla, kuma ɗaki ɗaya gare ta. Ban ƙara tayar da maganar ba, kuma ban wanke ba. Wayata ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. A kwamfutar kaɗai yake.

Aikin ajiya ba ni na neme shi ba. A shekarun nan duk wanda zai bi hanyar Tsafe, ko ta Mada, ko ya shiga ƙauyukan da ke bayan Wonaka, ya san in ɓarayin daji suka tare mota wayarka suke fara karɓa. Su duba hotuna. In suka ga ka tsaya jikin mota mai kyau, ko da ta maƙwabci ce, ko suka ga gidan bene, ko ɗanka da kaki, to ka zama babban kamu. Saboda haka mutane suka koyi share waya kafin su hau mota. Amma ba kowa ke iya goge hoton uwarsa da ta rasu ba. Wani direba da ke caji a wajena ya ga kwamfutar ya ce in zuba masa nasa, in ya dawo ya karɓa. Ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani. Kafin shekara ta zagayo, da safe sai ka ga mutum biyar a tsaye da jaka a kafaɗa, kowa da waya a hannu.

Yadda nake yi shi ne in buɗe wa mutum ɗaki a ciki, in sa masa lambar wayarsa a matsayin suna, in kwashe komai in zuba. Komai. Ba na buɗe kayan mutum in zaɓa, amana ce, kuma ko na so ban iya karanta sunayen ba. In ya dawo in mayar masa, amma ba na goge nawa sai ya ce in goge. Da yawa ba sa cewa. Waɗansu ba su dawo ba. Nasu ma ban taɓa ba, don wata rana ƙani ko mata kan zo da lambar a rubuce a takarda.

Sai ta cika. Ta fara fito da wani gargaɗi a gefe, ta ƙi karɓar komai.

Akwai mai gyara a wani layi bayan kasuwa. Kirista ne, iyayensa daga Kudu suka zo, amma a Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Kowa Injiniya yake ce masa. Na ɗora kwamfutar a babur na kai masa. Da ya ganta ya tsaya ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wannan ai gaishe ta ya kamata a yi, ba gyara ba. Ina kwana, Hajiya?" Na ce ta ƙanena ce. Ya dube ni, bai ƙara wasan ba.

Ya kwance ta ya nuna mini wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Ya ce sunansa had-dis, nan ne komai yake kwana. Na ce rumbu ke nan. Ya ce to, rumbu. Wanda ke cikinta giga arba'in yake ci, ya ce, haka ake awonsa. Ya ciro wani daga aljihun tebur, na hannu ne amma lafiyayye, mai cin ɗari biyu da hamsin. Ya ce zai bar ƙaramin ya riƙa tayar da injin kawai, a kwashe kaya duka a mayar cikin babban.

Daga nan ya faɗi abin da ya kamata in ji. Ya ce tsohuwar nan an ƙera ta ne lokacin da babu manyan rumbuna, don haka ƙirgenta yana da iyaka. Ɗari da talatin da bakwai take iya ƙirgawa, daga nan ta ɓace. A sabuwar kwamfutarsa zai shirya rumbun, kuma in aka sa mata za ta nuna shi da girmansa, amma ƙarya ce, hannunta ba ya kaiwa can. Abin da ya fi, ya yanka mini shi daidai inda take iya kaiwa, sauran a bar shi a toshe.

Na ce a'a. Na ce ban taɓa ganin an gina rumbu an toshe rabinsa ba. A raina kuma na ɗauka dabarar masu gyara ce, su rage maka abu don ka sake dawowa. Ya yi ta bayani, ina kallon bakinsa. Da ya gaji ya ce to, kayana ne. Ya nuna mini wani zagaye da ke fitowa a fuskarta kamar faifai, shuɗi a inda aka cika, ja-ja a inda ya rage.

Ya ce, "In shuɗin nan ya kai rabi, ka tsaya. Kada ka ƙara ko hoto ɗaya. Ka kawo mini ita. Ka ji, Malam?"

Na ce na ji.

Ya faɗa mini. Ba zan ɗora masa ba.

Sai na roƙe shi abu ɗaya. Na ce kafin ya zuba kayan kowa, ya fara zuba na ƙanena, su kaɗai, sai sun gama shiga sannan na mutane su biyo. Ya tambaye ni dalili. A gidanmu rumbun laka muke yi mai baki a sama. Dammunan da Baba ya ware na iri su ake fara jerawa a ƙasa, sannan na ci su hau kai. Daga sama ake ɗiba, don haka ko yunwa ta yi yaya, hannu ba ya kaiwa ga iri sai an cinye komai. Injiniya ya ce a kwamfuta babu sama babu ƙasa, amma ba wahala, zai yi yadda nake so. Ya yi. Ina tsaye na ga kayan ƙanena sun shiga farko. Sannan ya share ƙaramin rumbun tas, ya sake ɗora masa abin da ke tayar da injin, don ta daina nauyi.

Shekara uku tana aiki. Inna tana zuwa tana tafiya. Shuɗin yana cin faifan a hankali. Nakan duba shi kamar yadda mutum kan duba hadari. Da ya kusa rabi na ce gobe zan kai ta. Da ya kai rabi na duba na ga ja-jan da ya rage, fili ne babba, ido yana ganinsa. Na ƙara na mutum ɗaya, ba abin da ya faru. Na ƙara na wani. Sati uku ina ƙarawa, tana karɓa. Na ce ashe dai dabara ce.

Ana saura kwana biyu babbar Sallah tasha ta cika. Kowa zai je gida. Tun da hantsi layi ya yi a rumfata, ban zauna ba sai azahar. Akwai wani mai sayar da taya da ya zo da babbar waya sabuwa, nasa kaɗai ya ci kusan awa guda yana shiga. Yana ta duba agogo yana cewa mota za ta tashi. Na zuba duka. Da la'asar na kashe janareta na rufe ta da zane.

Washegari na kunna. Ta yi gurnaninta ta farka kamar kullum. Na danna inda nake dannawa. Maimakon ɗakunan mutane sai wani ƙaramin akwati ya fito da rubutu da wuraren dannawa biyu. Na kashe na kunna. Shi ne dai. Na kira wani malamin makaranta da ke jiran caji ya karanta mini. Ya ce tana cewa rumbun nan ba a shirya shi ba, ko ina so ta share shi ta shirya? Na ce ya ɗauke hannunsa daga kan tebur.

Injiniya ya rufe shago, ya tafi ganin gida, sai bayan Sallah da kwana huɗu ya dawo. Na yi Sallah. Na ci nama a gidan maƙwabci. Mutane suka fara dawowa suna neman kayansu, ina ce musu injin yana jiran gyara. Ban ji komai a raina ba a kwanakin nan. Na lura dai ina yawan wanke hannu.

Da na kai masa, bai tambaye ni ko na wuce rabi ba. Ya cire rumbun ya haɗa da sabuwar kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauko takarda ya ja layi, ya sa alama a tsakiya. Ya ce ita tsohuwar in ta ƙirga ta kai iyakarta, ba ta tsayawa, ba ta kuma cewa ta gaji. Komawa take yi ta fara daga ɗaya. A ganinta gaba take zubawa, alhali ta koma farkon rumbun tana zubawa a kan abin da ke wurin. Abin da aka zuba wa wani a kai kuwa ya tafi.

Na ce me ke farkon.

Ya ce, "Kai ka ce in fara sa su."

Na ce haka ne.

Ya ce in ba shi kwana uku. Ya sa wani abu da ke bin rumbu lungu-lungu yana tsinto abin da ya saura. Kullum da hantsi in je in zauna a kan wata matacciyar talabijin da ke ƙofar shagon. Rana ta biyu ya saya mini kunu, ya ce matarsa ta ce a gaishe da Inna. Ban san ya faɗa mata ba.

Kayan mutane sun fito kusan duka, don su a tsakiya suke, ba a taɓa su ba. Sunayen ɗakunan ne suka ɓace a wasu, sai da na riƙa kiran mutum ya zo ya duba fuskokin nasa ya ware. Har na waɗanda ba su dawo ba suna nan. Na mai taya ma ya fito, shi ne ya kwanta a farkon rumbun. A nan na ga abin da ke ciki, don dole aka buɗe. Dambe ne. Wasan dambe na garuruwa daban-daban, da waƙoƙi, da irin gaisuwar Juma'a mai furanni da ake turawa a waya. Hoton iyalinsa bai fi goma ba. Da ya zo karɓa ya ce ai da na goge damben, yana da su a wata wayar.

Na ƙanena kuwa, abin da aka tsinto bai cika tafin hannu ba. Rabin fuskar wani tsoho daga ƙauyenmu. Wani jariri a kan zane. Da yawa in an buɗe toka ce kawai, ko layi-layi masu launi. Injiniya yana wucewa da su ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ba shi ba, ba shi ba. Can sai ga bedi.

Ya ce hoto daga sama yake fara kwanciya, layi bayan layi, zuwa ƙasa. Wannan farkonsa ya tsira, ƙarshensa ne aka taka. Ga sama, ga bedin da rassansa, ga kan katangarmu da inda ruwa ya zaizaye ta. Daga nan sai toka, shafe ɗaya har ƙasa, kamar an yi yaɓe. A daidai bakin tokar akwai wani ɗan baƙi-baƙi mai faɗin yatsa biyu. Saman hularsa ne.

Da na iya riƙe kyamara, da fuskarsa tana sama, da ta fito. Na faɗa wa Injiniya haka. Ya tambaye ni ko ya ƙara gwadawa da wani abin. Na ce zai fito? Ya ce a'a. Na ce to ya bari.

Na ce ya wanke mini shi a takarda yadda yake. Ya ce ya yanke tokar? Na ce ya bar ta.

Ban jira ranar asibitin Inna ba. Ranar Laraba na hau mota zuwa Bungudu. Tafiyar ba nisa. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana tsince wake, ƙanwata tana wanki a gefe. Muka gaisa. Ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa. Na ce lafiya lau. Sannan na ce mata kwamfuta ta ci hoton, kuma ni na jawo, an gargaɗe ni ban ji ba.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ƙanwata ce ta tsayar da wanki ta juya mana baya.

Na ciro takardar daga aljihu na miƙa mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta juya ta wajen haske.

Ta ce, "Wanga bedinmu na."

Na ce shi ne.

Ta bi katangar da yatsa har inda ta zaizaye. Ta ce tun kafin a haifi ƙanena take cewa Baba ya gyara wurin nan. Yatsan ya sauko ya tsaya a bakin tokar, a kan ɗan baƙin. Ya daɗe a wurin. Ban faɗa mata ko mene ne ba, ita ta saya masa hular.

Ta ce, "Babu mutum ciki?"

Na ce babu.

Ta ce to. Ta dafa kafaɗata ta tashi, ta shiga ɗaki da takardar. Ina jin ta tana neman wani abu a cikin kwanukanta. Ta kira ƙanwata ta ce ta kawo mata ƙusa da dutse. Na ji bugu uku. Da ta fito hannunta babu komai. Ta zauna ta jawo faifan wakenta, ta ce in tsaya in ci abinci kafin in koma.

Daga ranar ba ta ƙara biyowa ta rumfata ba. In sun gama asibiti sai su wuce tasha kai tsaye, ni nake zuwa in gaishe ta a jikin mota.

Kwamfutar tana nan. Injiniya ya yanka rumbun daidai inda take iya kaiwa, sauran yana toshe. Yanzu faifan gaskiya yake nunawa. In shuɗi ya kusa rufe shi nakan kira mutane su zo su kwashi nasu. In babu wuri, nakan ce wa mai tafiya babu wuri. Waɗansu suna jin haushi, su ce ai hoto ashirin ne kawai. In ce babu wuri. Su tsaya kaɗan da wayar a hannu, sannan su goge da kansu su hau mota.